Azumin da Aka Ɗora wa Gwaggo a Asibiti

Zuwa ga Shugaban makarantar koyon aikin likita da ke turo ɗalibansa asibitin garinmu, Suleja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da malaman da kuke aiki tare, ina roƙon ka ara mini ɗan lokacinka. Ban san ka ba, kai ma ba ka san ni ba. Abin da ya haɗa mu shi ne yaranka masu fararen riguna da ke zuwa asibitinmu koyon aiki, da kuma wata tsohuwa da ke kwance a ɗakin da ke jikin nawa, ƙafarta ta dama a naɗe da bandeji. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, ba zan faɗi sunan ɗalibin da zan yi magana a kansa ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba. Na rubuta a fili ne saboda na tabbata ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba, kuma da na kai kuka ofishin asibitin, cewa aka yi ɗaliban ba nasu ba ne, naka ne.

Ni ma'aikaci ne a wani ofishi a Abuja, ɗaya daga cikin mutanen garin nan da muke idar da sallar asuba mu kama hanya, ba mu sake ganin ƙofar gida sai duhu ya fara. Tsohuwar da nake magana a kanta gwaggona ce, Gwaggo Asabe, yayar mahaifina. Ita ta riƙe ni tun daga yaye, da kuɗin daddawarta na yi makaranta, yanzu kuma tana zaune tare da ni da matata Rabi a unguwar Wambai. Ba ta yi boko ba. Amma a rayuwata ban ga mai bin umarni kamarta ba. In ka ce mata ta sha magani bayan ta ci abinci, ko da loma ɗaya ta rage a kwano ba za ta taɓa ƙwayar ba sai ta cinye. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada a ce irin tsofaffin nan ne da ake gaya musu magana ta shiga ta nan ta fita ta can. Bin magana ne ya kayar da Gwaggo.

Ciwon suga ya bayyana gare ta kamar yadda yake bayyana ga mutane da yawa: yawan fitsari, ƙishirwa marar yankewa, zane ya fara yi mata yawa a ƙugu. Aka gwada, aka tabbatar, aka ɗora ta a kan ƙwayar da ake sha da safe. Aka kuma ce ranar Alhamis ce ranar masu irin ciwonta. A can ta gamu da ɗalibinka. Ranka ya daɗe, in za a faɗi gaskiya, yaron yana da tarbiyya. Sai ya rusuna yake gaishe ta, yana kiran ta Mama, yana tambayar ta kasuwar daddawa. Bahaushe ne, Hausa a bakinsa tas, sai dai irin ta yaran yanzu mai tsarmin Turanci. Duk ranar da ta dawo daga asibiti, hirar ɗan likitanta ce abincin darenmu, har Rabi ta fara yi mata tsiya wai ko mu kai gaisuwar surukai.

Ranar da zai aike ta gwajin jini, abin da ya ce mata, kamar yadda ta maimaita mini kuma shi ma bai musa ba daga baya, shi ne: “Mama, duk ranar da za ki dawo, ki zo da fastin, wato azumi.”

Ka fi ni sanin abin da yake nufi. Yana nufin daga abincin dare kada ta ƙara sa komai a bakinta sai ruwa, ta zo a ɗebi jinin ciki wayam, ta koma ta karya. Kalmar da ke littafinsu da Turanci fuska biyu gare ta, shi kuma ya ɗauko fuskar da ba ita ba ya miƙa wa tsohuwa. A wurin Gwaggo azumi abu ɗaya ne. Ana tashi kafin alfijir, a yi niyya, a ci sahur a ƙoshi, a kame baki sai rana ta faɗi. Ga shi kuwa ranar ta faɗo Alhamis, ranar da dama takan yi azumin nafila tun kafin ciwo ya hana ta. Murna ta yi. Ta ce mini wannan yaro ɗan gidan malamai ne, ya haɗa mata magani da lada.

Saboda haka kowace Alhamis ta asibiti, Gwaggo takan tashi ta sha kokonta kofi babba, ta haɗa da ɗumamen tuwo in akwai, ta haɗiye ƙwayarta tun da ba za ta sha da rana ba, ta yi sallah, ta hau keke napep ta je ta kama layi. A huda mata yatsa koko bai gama narkewa a cikinta ba. Yaron ya tambaye ta ko tana azumi, ta ce tana yi, kuma gaskiya ta faɗa. Ya rubuta cewa jinin wadda ba ta ci komai ba ne. Ya kai wa likitan da ke duba marasa lafiya a ranar, likita ya ga suga a sama, ya ƙara mata magani. Wata Alhamis ta zagayo, aka maimaita, aka sake ƙarawa. A gida ba wanda abin ya ɗaure wa kai, don ganin Gwaggo da azumin Alhamis ba sabon abu ba ne. Rabi ta taɓa tambayar ta ko bai kamata ta huta ba tun da ba ta da lafiya, ta ce likita ne ya ce.

Da maganin ya yi yawa, jikinta ya fara magana. Da hantsi sai hannunta ya kama rawa, zufa mai sanyi ta keto mata, zuciya na bugawa, ga wata yunwa kamar an yashe mata ciki. Ta kai wa ɗan likitanta ƙara. A nan ne, ranka ya daɗe, raina ya fi ɓaci in na tuna. Ce mata ya yi alamar suga ne yana ƙara hawa, ta ƙara kame bakinta. Ya hana ta doya, ya hana ta shinkafa, ya hana ta tuwon masara da fura da ayaba da mangwaro. Da ta tambaye shi to me ya rage, ya ce wake da ganye da alkama. Koko ne kawai bai ambata ba, ita kuwa ta riƙe shi hannu bibbiyu, tana ganin tun da ba ta zuba masa suga ba, ba ruwansa da ciwon suga. Tsohuwa ta koma cin abinci kamar na 'yar tsana, magani kuma ana ta ƙara mata.

Ranar da abin ya faru ma Alhamis ce. Ta dawo daga asibiti, ta ɗora kalwa a murhu, ta zauna tana iza wuta. Bayan la'asar Rabi ta ji tana surutu ita kaɗai. Da ta leƙa, ta tarar zufa ta jiƙa mata riga, idanunta sun sauya. Ta kawo mata ruwa, Gwaggo ta ture kofin ta ce tana azumi, sannan ta ɗura wa Rabi ashar. Matar da na tashi a hannunta ban taɓa jin ko “wawa” ta fito daga bakinta ba. A wannan lokacin, kamar yadda aka bayyana mana daga baya, suga cokali biyu a ruwa ya isa ya dawo da ita hayyacinta. Sugan yana nan a gwangwani a ɗakin girki. Amma a gidanmu an riga an koya mana cewa suga guba ne ga Gwaggo, ba wanda ya taɓa gaya mana akwai ranar da shi ne magani. Kafin Rabi ta kira maƙwabta, Gwaggo ta yunƙura za ta tashi, ta kife, ƙafarta ta dama ta faɗa cikin rushi. Mata suka taru, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa hawan jini, ana tofa mata addu'a. Allah ya sa wani mai keke yana ƙofar gida.

Ina cikin cunkoson hanya aka kira ni. Kafin in iso asibiti, wata babbar likita da ke aiki a yammacin ta gwada ta, ta ga sugan ya sauka ƙasa warwas, ta sa mata ƙarin ruwa mai suga a jijiya. Na shigo na tarar Gwaggo ta buɗe ido tana tambayar wa ya sauke mata kalwa. A gabana likitar ta tambaye ta yaushe rabonta da abinci. Ta ce tun sahur. Likitar ta ce wane sahur, alhali ba watan azumi muke ba. Gwaggo ta ce azumin asibiti mana, wanda ake yi kafin gwaji. Likitar ta ja kujera ta zauna, ta bi maganar da tambaya ɗaya bayan ɗaya har ta kai tushe. Ita ta fahimtar da ni cewa duk gwajin da aka yi ta yi na bayan cin abinci ne aka ɗauke shi na ciki wayam, kuma duk ƙarin maganin da aka yi a kan kuskure aka gina shi.

Ba na ɗora wa ɗalibin laifin duka. Likitan da ya yi ta ƙara maganin shi ke da sa hannu, kuma da ya ɗaga kai ya yi wa tsohuwar tambaya ɗaya da bakinsa, da ba a kai nan ba. Na kuma san yadda layin Alhamis yake, mutane har bakin baranda, likita ɗaya, zafi kamar gidan burodi. A irin wannan wuri ɗalibi ne kunnen likita, abin da ya jiyo shi ake aiki da shi. Shi ya sa abin da ke cikin kan ɗalibanka ya zama damuwarmu tun kafin ku ba su takardar gamawa.

An kwantar da Gwaggo saboda ƙunar, na ɗauki hutu na zauna jinya. Zaman nan ya ba ni damar kallon yaranka da kyau. Kowace safiya sukan zo a ayari su kewaye gado, ɗaya ya karanto labarin marar lafiya da Turanci, malaminsu ya yi musu tambayoyi. Ina jin Turanci, don haka ina biye da su. In sun watse kuma nakan tare wanda ya saki fuska in yi masa tambayoyina na jahili. Ni ba likita ba ne, ban kuma yi wani bincike ba, abin da kunnena ya ji kawai zan faɗa maka. Ga abin da na fahimta.

Na farko, sun san ciwon yana hawa, ba su cika sanin yana sauka ba. Ka tambaye su abin da suga ke yi wa ido da ƙoda da jijiya in ya yi yawa, za su zubo maka bayani har ka gaji. Sunayen magunguna kuwa a bakinsu kamar karatun allo. Amma da na tambayi wasunsu me zan yi in na ga mai ciwon suga yana rawar jiki yana zufa yana shirme, sai amsoshi suka rabu. Wata ɗaliba ta ba ni amsa daidai ba tare da inda-inda ba: in yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi nan take, in ya suma kada a ɗura masa komai, a ruga da shi asibiti. Allah ya yi mata albarka. Wani kuwa cewa ya yi kada in kuskura in ba shi zaƙi sai an gwada. Na ce masa a gidanmu babu abin gwaji, ya ce to in kawo shi asibiti. Na san an koya musu wannan babi, na ji malaminsu yana tambayar su a kai suna amsawa. Sai dai sanin da suka yi masa na jarrabawa ne, bai zauna musu a ido yadda za su gane shi in ya zo cikin zane da mayafi yana cewa hannuna na rawa ba.

Na biyu, abinci. Abin da suka iya shi ne hani. Kada ki ci wannan, kada ki ci wancan, kamar mai raba gado yana kwashe kaya. Ban ji wanda ya tambayi Gwaggo me take ci tun safe har dare ba, ko da wane kwano, ko ƙarfe nawa. Ban ji wanda ya san cewa a garin nan doya ce abincin talaka in kakarta ta yi, alkamar da suke turawa a saya kuwa ba kowane gida ke iya ajiye ta ba. Na tambayi ɗaya tsakanin koko da tuwon dawa wanne ya fi saurin ɗaga suga, ya yi murmushi ya ce duk sitaci ne. Babbar likitar nan ce daga baya ta zaunar da Rabi ta nuna mata cewa ba a raba mutum da tuwonsa, rage malmala ake yi a yawaita miya, kuma abin da aka dama ya yi ruwa ya fi saurin shiga jini. Ba ta daɗe tana bayanin ba, amma shi ne karo na farko da aka yi mana maganar abinci da sunan abin da ke tukunyarmu.

Na uku shi ne harshe, kuma a nan nake so ka ɗan tsaya. Da yaron nan baƙo ne daga kudu da ke fama da Hausar kasuwa, da na yi masa uzuri, wataƙila ma da Gwaggo ta sake tambaya. Amma ɗan gida ne, Musulmi, shi ma yana azumi, ya san sahur sarai. Abin da ya faru shi ne ya koyi ciwon da Turanci, ya haddace shi da Turanci, ya ci jarrabawarsa da Turanci, ba a taɓa sa shi ya faɗe shi da harshen uwarsa a gaban wanda zai gyara masa ba. Da ya zo gaban tsohuwa sai ya kama kalma ya juya ta yadda ta zo masa. Alhali maganar tana nan a bakin kowace mace a garin nan: ki zo ba ki karya ba. Kakarsa ma haka za ta faɗa. Kuna gwada su a kan sunan kowace jijiya, amma ba kwa gwada su a kan jimlar da marar lafiya zai ɗauka ya tafi da ita gida, alhali da wannan jimlar zai rayu har Alhamis ta gaba. Ko sunan ciwon kansa tarko ne. Tun da aka ce ciwon suga, mutanenmu suka ɗauka maganar ta tsaya a kan farin sugan shayi, kuma ban ji ɗalibin da ya tsaya ya warware wa kowa wannan ba.

Na huɗu gajere ne. Na tambaye su yadda mai shan irin ƙwayar Gwaggo zai yi in watan Ramadan ya kama. Ɗaya ya ce kada ya yi azumin, ɗaya ya ce ya tambayi malamai. A garin da mafi yawan masu zama a bencin asibitin nan za su yi azumin ko an hana su, wannan ba amsa ba ce.

Na biyar, ƙafa. Duk zuwan da Gwaggo ta yi ta yi asibiti, ba a taɓa cewa ta cire takalmi ba. Sai da ta ƙone aka gwada tafin ƙafarta da wani ɗan zare, aka gano ta daɗe ba ta jin taɓi sosai a wurin. Shi ya sa ƙunar ta yi zurfi. Tsohuwar da ke wuni a bakin murhu ba takalmi, da an duba an gargaɗe mu, da mun san abin da za mu kiyaye.

Yanzu bari in gaya maka halin da muke ciki, don shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. An sallamo mu, an rage maganin zuwa yadda ya dace, an ce a riƙa kai ta wankin ciwo. Gwaggo ta ce ta gama da ƙwayar asibiti. Ta ce ƙwayar ce ta kayar da ita, ta sa ta zagi surukarta a gaban mutane, kuma wannan zagin ya fi ƙunar yi mata ciwo. Ƙaninta da ke Garam ya aiko mata da wani jiƙo a jarka, shi take sha safe da yamma. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo limamin unguwa ya yi mata nasiha, ta saurare shi da ladabi ta ci gaba da jiƙonta. Wankin ciwo ma sai da rigima take yarda a kai ta. Sugan ya koma sama, wannan karon da gaske, ƙunar kuma ta zama gyambo ta ƙi rufewa. Babbar likitar ta ja ni gefe ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa in ba a shawo kan sugan ba, maganar yanke yatsu za ta taso, in aka yi sake kuma abin ya wuce yatsu.

Na sake yi wa Gwaggo maganar komawa kan ƙwayar. Ta ce mini: “Haruna, duk abin da suka ce na yi. Sun ce azumi, na yi. Sun ce bar tuwo, na bari. Sun ce ƙara magani, na ƙara. To wanne ne ban yi ba da za ka ce in koma?” Na yi mata bayanin kalmar nan mai fuska biyu har na gaji. Ta ce ni ba likita ba ne, kuma ɗan likitanta ba zai yi irin wannan kuskure ba, yaro mai hankali haka.

Ka ji inda abin ya tsaya. Duk duniya mutum ɗaya ne Gwaggo ba ta zarga ba, shi ne wanda ya yi kuskuren. Babbar likitar da ta ceto ta ma, Gwaggo cewa take yi ba ta san ta ba, rana ɗaya suka haɗu. Shi kuwa ya san sunanta, yana duban fuskarta in yana magana. Tun ranar da abin ya fito fili, da aka kira shi aka tambaye shi ya amsa da kansa a sunkuye, bai sake zuwa gefen gadonta ba. Na ga ya hango mu daga bakin ƙofa ya juya. Daga baya aka ce lokacinsu ya cika sun koma makaranta. Har yau takan tambaye ni ko an yi masa wani abu saboda ita, kuma tana sa shi a addu'a bayan kowace sallah. Da farko abin haushi yake ba ni. Yanzu na gane cewa abin da yaron yake da shi, wato iya sa tsohuwa ta yarda da shi, shi ne abin da ya fi wuyar koyarwa, kuma ya zo da shi daga gida. Abin da ya rasa shi ne wanda kuke da alhakin ba shi.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

Kafin ku turo mana ɗalibi, a sa shi ya bayyana ciwon suga da Hausa, ko da harshen mutanen da zai je wurinsu, a gaban malami da kuma wani dattijo da bai yi boko ba. In dattijon ya maimaita abin da ya ji ya fito daidai, yaro ya ci. A koya musu kada su tambayi mutum ko yana azumi, su tambaye shi me ya ci, yaushe ya ci. A koya musu saukar suga yadda ake koya musu hawansa, kuma kada a miƙa wa kowa wannan ƙwaya sai an gaya wa mutanen gidansa alamomin da abin da za su yi. A zaunar da su a kan abincin ƙasar nan da maganar Ramadan. A sa musu al'adar cewa a cire takalmi. Likitocin da kuke damƙa musu yaran kuma a tuna musu cewa abin da ɗalibi ya rubuto ba wahayi ba ne.

Roƙona na ƙarshe shi ne wanda ya hana ni barci. Ba na neman a hukunta yaron nan, ba na so a ɓata masa takarda. In aka kore shi, an yi asarar likitan da wata rana zai fi da yawa daga cikin waɗanda ba su taɓa yin kuskure a gaban kowa ba. Aron sa nake nema na yammaci ɗaya. Ku turo shi, tare da malaminsa in kun ga dama, ya zo ya rusuna ya gaishe ta yadda ya saba, ya gaya mata da bakinsa cewa shi ya yi kuskuren magana, ba azumi yake nufi ba, kuma ƙwayar ba guba ba ce in an sha ta daidai. Na san abu ne mai nauyi ga yaro. Amma na tabbata a wannan zaman zai koyi abin da ba zai manta ba har ya tsufa a aikin, ita kuma daga bakinsa kaɗai za ta karɓa. Ba za a ci masa fuska a gidana ba, na ɗauki wannan alkawari.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya sa albarka a karatun yaran nan, ya sa hannuwansu su zama sanadin sauƙi ga bayinsa, ya kiyaye ka da zuri'arka daga ciwon da za ku rasa mai yi muku bayaninsa. Babbar likitar da ta karɓi Gwaggo ta san sunan ɗalibin, ta kuma san yadda za a same ni. In za ku turo shi, don Allah kada a ce sai ya gama jarrabawa. Jiya da Rabi ta kwance bandejin, ƙaramin yatsan ya fara yin baƙi.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Haruna, ɗan riƙon Gwaggo Asabe,
Unguwar Wambai, Suleja.